Ramin da Munka Haƙa wa Baba Ignas

Balton da na saya a Iskandariya shi ya fara nuna mini duniya ba Sinnar ɗinmu ta Sudan ba ce. Wani zol ne, kamar yadda muke ce wa mutum, ya tare mu bakin tashar jirgin ruwa, ni da Hamza. Ya ji muna Hausa tsakaninmu sai ya washe baki, wai kakarsa Bakanuwa ce da ta maƙale a hanyar hajji, wai jininmu ɗaya. Ya ja mu lungu, ya fiddo balto baƙi mai gashi a wuya, ya ce irin na hafsoshin Rasha ne, ko cikin ƙanƙara ka kwana da shi sai ka yi gumi. Ni kuwa ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake jefa wa limun, ruwan lemun tsami, a kasuwa. Na saya ina murna.

Hamza bai saya ba. Shi ɗan wani ƙauye ne kusa da Rusairis, inda ake ginin khazzan, wato madatsar ruwa, lokacin, kuma mutum ne da ko ruwa ka miƙa mishi sai ya shinshina. Ya ce, "Ya zol, mutumin da ya san kakarsa bai san gaisuwar Hausa ba, shi za ka yarda da shi?"

Na ce hassada ce kawai ke cin shi.

Mu biyu anka ba minha, wato tallafin karatu, zuwa Hangari mu karanto aikin ban ruwa, shekara guda bayan an sauke gwamnatin soja. Ni Sa'adu, ɗan mai hawasha, wato gonar auduga, a kudu da Makwar, wanda tafiyarsa mafi nisa Khartum ce, ga ni za ni Turai. Wallahi ko takalmina jin kansa yake yi.

Teku ta sauke mini wanga kai. Tun da jirgi ya bar gaɓa nake amai, har na daina sanin dare da rana. Wani matuƙi Bagirike, wanda ba mu da kalma ɗaya ta tarayya, shi ke zuwa ya tura mini ɓarin lemun tsami a baki ya buga mini kafaɗa ya wuce. Ban san sunansa ba har yau. Daga teku sai jirgin ƙasa, iyaka bayan iyaka, kowane soja ya buɗe fasfo ya dube mu ya kira ɗan uwansa shi ma ya zo ya duba. A wata tasha wata tsohuwa ta lashi yatsa ta goga a hannun Hamza ta ga ko zai fita. Hamza ya ce mata da Hausa, "Inna, an gwada a gida, bai fita ba."

A babban birni munka yi shekara muna koyon harshensu, harshen da kalma ɗaya ta kai tsawon igiyar guga. Daga nan anka tura mu wani ƙaramin gari bakin kogi, inda makarantar take. Can wahala ta same mu da kyau. Ɗakin cin abinci na dakhiliya, gidan kwanan ɗalibai, komai da alade. Miya da alade, wake da alade, har gurasa da kitsensa suke shafa mata. Munka koma gurasa tsura da albasa da shayi. Na rame har wandona na riƙe shi da igiya. In na rufe ido ba mutane nake gani ba, kisra, wainar dawarmu, nake gani tana tashi daga kan doka, kaskon gasa ta, da warin ƙasa in an saki ruwa cikin tur'a, magudanar gona, da asuba, da muryar babana yana zagin jakinmu. Har zagin na yi kewa.

Sai ruwan farko na kaka ya sauka, mai sanyi, ya jiƙa baltona na hafsan Rasha, wanda ruwa bai taɓa kama ni cikinsa ba sai ranar. Kafin in kai makaranta ya yi nauyi ya fara zubo wani abu fari ta ƙasa. Haka na shiga shagon tela na farko da na gani, ina ɗiga.

Telan tsoho ne gajere, da tabarau a kan hanci da 'yar hula baƙa a tsakar kai. Ya karɓi balton, ya farke shafin da reza, ya sa hannu ya zaro damƙin jaridar Masar a jiƙe. Ya sake sa hannu ya zaro wata. Ya ɗaga ta ga haske, ya ce, "Wanda ya sayar maka da wannan, yana son ka yi karatu ƙwarai."

Munka yi dariya har ya zauna. Shi ne Ignas. Su a can suna ce wa dattijo "baci", ni kuwa Baba Ignas na ce, ya kuma amsa. Ya auna kafaɗata da hannu, ya tsuke baki.

"Ba sa ba ku abinci a makarantar?"

Na faɗa mishi zancen alade. Sai ya juya ya ɗaga murya ta ƙofar ciki. "Roza, fito ki ga wani mai irin ciwonmu."

Ranar na ci miyar kaza da taliya ƙanana, kwano biyu, kunya ta hana ni na uku. Matarsa Inna Roza, doguwar mace mai farin gashi wadda ba ta yawan magana, ta zuba na ukun ba tare da ta tambaye ni ba. Kafin wata ya ƙare na kwashe kayana na koma ƙaramin ɗakinsu na baya.

Hamza ya tare ni a aji. "Ya zol, Yahudawa ne fa. Ba ka jin rediyon Alƙahira?"

Na ce, "Rediyon Alƙahira ya taɓa ba ka cinyar kaza?"

Ya ce ni cikina ne limamina. Bai yi sati biyu ba ya zo wai aron littafi, daidai lokacin abinci. Daga ranar kullum akwai littafin da yake bukata.

Wata rana na tarar da Baba Ignas yana ɗinkin hannu, farin yadi, wando da riga da hula. Ɗinkin manya-manya ne kamar na buhu, ba kalmasa, kuma in zare ya ƙare ba ya ƙulle shi. Na ce, "Baba, hannu ya fara tsufa ke nan? Ko aljihu ka manta."

Ya ce, "Mai kayan ba ya da abin sawa a aljihu."

Likkafani ne. Na ji kunya, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce in zauna in riƙe mishi bakin yadin. Ya ce a da can masu kuɗinsu na binne mutanensu cikin alharini, har talaka in nasa ya mutu sai kunya ta sa ya ajiye gawa ya gudu. Sai wani babban malaminsu, mai dukiya kuwa, ya yi wasiyya a sa shi cikin farin yadi mafi araha. Tun daga nan kowa iri ɗaya, attajiri da mai shara. Ƙulli kuwa ba a yi, don jiki ƙasa zai koma, bai kamata a ɗaure wani abu da zai riƙe shi ba.

Na ce, "To ai mu ma haka muke. Fari, ba ɗinki ma."

"Kuna yi mishi wanka?"

"Muna yi."

"Kuna jira sai dangi sun zo daga nesa?"

"Ina. In ya mutu da safe, kafin azahar an rufe."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Kai, wa ya koya muku?"

Na ce ni ma tambayar da zan yi mishi ke nan.

Shi yana cikin 'yan ƙungiyar da ke yi wa mamatansu wanka da sutura, babu lada, babu albashi. Da can, in ji shi, sai mutumin kirki ake ɗauka, har rububi ake yi. Yanzu tsofaffi ƙalilan sunka rage, shugabansu wani Baba Mor mai sayar da tsofaffin agogo. Ɗakin ibadarsu ma hukuma ta mai da shi ma'ajiyar kujeru. Ban tambayi ina sauran mutanen sunka tafi ba, don a aji an faɗa mana abin da ya faru lokacin yaƙi. Amma jin abu a aji daban. Baba Mor ne ya gaya mini wata rana muna tafiya, yana duban gabansa, cewa Inna Roza na da 'ya'ya mata biyu, da uwa, da ƙanne. An loda su a mota daga wanga titi, daga mota zuwa jirgin ƙasa. Ita kaɗai ta dawo. Ko ɗayansu babu kabari.

A sanyinmu na biyu a garin, ranar wata Laraba, na dawo daga makaranta da azahar ina fito, don na ci jarrabawar da ta kayar da rabin aji. Na tarar da shago a rufe. A ciki an lulluɓe madubi da zane, taga a buɗe cikin wanga sanyi, Baba Ignas kwance a ƙasa kan ciyawa an rufe shi, kyandir na ci wajen kansa. Ya faɗi ne kan keken ɗinki da hantsi. Baba Mor na zaune kusa yana karatu ƙasa-ƙasa, Inna Roza na tsaye jikin bango.

Ban san abin yi ba, sai na nufi taga zan rufe. Baba Mor ya ɗaga yatsa. Daga baya ya ce mini ana buɗe ta ne don rai ya samu hanya, madubi kuwa ba ranar kallon kai ba ce. Kuma daga yanzu har a rufe shi ba za a bar shi shi kaɗai ba ko na ƙiftawar ido, don rai na nan kusa a ruɗe, bai san inda zai nufa ba, ba a barin baƙo haka.

Su ma sauri suke so kamar mu, amma hukuma ba ta sauri. Likita ya zo, sai takardar izini, wanga ofis ya tura ka wancan. Alhamis duk Baba Mor na yawon ofisoshi da sandarsa, sauran tsofaffin na karɓa-karɓar zama. Da rana ta yi tsaka anka rasa mai zama, sai ya ce in zauna. Na ce me zan karanta? Ya ce, "Ba sai ka karanta ba. Ka kasance dai." Na zauna. Da shirun ya yi mini yawa sai na ba Baba Ignas labarin jarrabawar da Hausa, tambaya bayan tambaya, tunda ban samu faɗa mishi ba.

Takarda ba ta fito ba sai Juma'a da safe. Sai mai haƙan kabari na gari ya zo ya buga dunduniya a ƙasa, ya ce ta daskare kamar ƙarfe, ba wanda zai haƙa ta sai Litinin in ya samo mataimaka. Kuma doka ba ta yarda gawa ta ƙara kwana a gida ba, mota za ta zo ta kai shi ɗakin sanyi na asibiti.

Tun Laraba ban ji muryar Inna Roza ba sai lokacin. Ba ta ɗaga ta ba. Ta ce, "An ɗauke mini mutane a mota sau ɗaya. Wannan da ƙafata zan raka shi, in ga inda aka sa shi."

Ga inda matsalar take. Su in rana ta faɗi ranar Juma'a, Asabar ɗinsu ta shiga, ba haƙa, ba binnewa, ba hawa mota. Rana kuwa a can lokacin sanyi, kafin la'asar ɗinmu ta yi nisa ta faɗi. Kuma addu'ar da suke yi bakin kabari sai maza goma, shi ya sa wasu tsofaffi sunka zo daga garin gaba a bas ɗin safe, dole su koma a na yamma. Na ce in ba su cika ba a ƙirga da ni, ai ba na cin alade kuma an yi mini kaciya. Wani tsoho ya yi dariya har da tari, a gidan mutuwa. Baba Mor ya ce, "Mun cika, ɗana. Ba baki muka rasa ba, hannu muka rasa."

Na ruga dakhiliya na tada Hamza. Ya zauna bakin gado yana sosa kai.

"Sa'adu, ka san ba a yi wa wanda ba Musulmi ba salla."

"Wa ya ce salla? Rami za mu haƙa. Wane malami ya hana rami?"

Sai ya ce malaminsu na allo ya taɓa faɗa musu Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya miƙe tsaye da anka wuce da gawar Bayahude. Ya jawo takalminsa. "Kuma kazar mutumin na cikin jinina. Mu je."

Maƙabartarsu na bayan gari, duwatsu sun karkace, ciyawa ta cinye rabi. Baba Mor ya zana mana wurin da sanda a kan ƙanƙara. Hamza ya dubi rana ya dubi zanen, ya raɗa mini, "Ya zol, ai kusan alƙiblarmu ce." Na ɗaga diga na sauke da duk ƙarfin ɗan hawasha, ni da na tashi cikin yasar tur'a. Digar ta yi tsalle ta dawo, hannuna ya mutu har kafaɗa. Ƙasa ko gezau.

Wuta ce magani. Munka tara karan masara da rassa, amma ba su da zafin kirki. Sai ga wata maƙwabciyar Inna Roza Kirista, mai wanki, tana jan kwal a kan katako, nata na ɗumama ɗaki. Ta juye, ta yi alamarsu ta gicciye a ƙirji, ta juya ta tafi. Munka hura, munka jira, munka ture garwashi gefe, munka haƙa abin da ya narke, bai fi taki ɗaya ba. A sake hurawa, a sake jira. Jiran nan ya fi haƙan ciwo, don kana tsaye kana kallon rana tana tafiya.

Cikin jiran na riƙa kai wa tsofaffin ruwa ɗan ɗakin wanka da ke bakin maƙabarta, inda sunka kawo Baba Ignas a kafaɗa. Bakin ƙofa nake ajiye bokiti, ba a shiga sai su. Ba ka jin hira, sai zubar ruwa da karatu. Wani daga cikinsu ya faɗa mini ba a kifa shi, ba a buɗe jikinsa sai wurin da ake wankewa, ba a miƙa abu ta kansa, don mutum ne har yanzu, yana jin kunya. Da na kawo bokitin ƙarshe na ji Baba Mor na magana da harshen gari, a hankali, yana kiran sunansa. Yana cewa, Ignas, in mun yi maka wani abu ba daidai ba cikin aikin nan, ka yafe mana, don girmanka munka yi. Mutumin da sunka yi shekara da shekaru suna faɗa kan karta. Na tsaya da bokiti a hannu har yatsuna sunka manne da ƙarfen.

Da munka wuce daskararren, ƙasa ta yi laushi, baƙa kamar ta Jazira, ƙasar nomanmu. Nan munka nuna musu 'ya'yan wa muke. Hamza na sara ina kwashewa da koreik, wato shebur, har waƙar yasar tur'a munka soma ƙasa-ƙasa. Da babban ramin ya kai ƙugu, ba wanda ya ce wa wani komai, munka shiga haƙa ƙaramin a tsakiya, siriri, faɗin taki da 'yan yatsu, daidai kwanciyar mutum kan gefen dama. Munka gyara bakinsa tsaf, munka share gefe da gefe inda za a jera itace. Wallahi ko a gida ba a yi wanda ya fi shi kyau ba. Na ga wanka irin namu, na ga likkafani irin namu, sai kaina ya ƙarasa sauran da kansa.

Baba Mor ya zo dubawa. Ya leƙa, ya daɗe yana leƙe.

"Wannan na tsakiya na mene ne?"

Na yi mishi bayani ina alfahari.

Ya ce, "Ɗana, a akwati yake."

Ban ga akwatin ba, ta ƙofar baya kafinta ya shigo da shi. Hamza ya ce, "Innalillahi," ya zauna cikin ramin. Na ɗaga kai, rana ta sauka kan itatuwan bakin kogi, ta yi ja. Duk ƙasar da munka bari gefe biyu sai an fidda ta, ga mai bas ba ya jiran kowa.

Baba Mor bai yi faɗa ba. Ya ce da za a bar su, su ma haka za su sa shi, jiki a kan ƙasa. Dokar ƙasar ce ta ce akwati, shi ya sa suke yin shi da katako tsura, ba ƙusa ta ƙarfe, su huda ƙasansa don ƙasa ta same shi. "Naku ya fi," in ji shi, "amma ba zai shiga ba. Ku haƙa. Mu za mu taho a hankali."

Ya zol, ban taɓa aiki irin na lokacin ba. Na tuɓe balto na jefar. Tafin hannuna ya fashe, koreik na santsi da jini. Daga ɗakin wanka zuwa ramin tafiya ce ta jifa biyu, kuma ina jin muryoyinsu sun taso. Sai na ji sun tsaya, suna karatu. Sunka taso, sunka sake tsayawa. Na leƙo, ga su da akwati a kafaɗa, tsofaffi masu rawar gwiwa, tsaye cik cikin iska, Baba Mor a gaba yana jan karatu kamar mai koya wa yara, idonsa ɗaya na kanmu. Inna Roza na bayansu, an yage wuyan rigarta ta dama, alamar abin da ya yage a ciki. Sau bakwai sunka tsaya. A ta bakwai Hamza ya jefo shebur na ƙarshe ya ce, "Khalas, an gama," ya miƙo hannu na ja shi.

Daga baya na tambayi Baba Mor. Ya ce al'ada ce, ana tsayawa don a nuna ba a ɗokin rabuwa da mutum. "Amma yammacin Juma'a a ƙa'ida ba mu tsayawa," ya ce. "Yau mun ga ya kamata."

Akwatin ya sauka daidai, ko gefe bai taɓa ba. Sai Baba Mor ya ɗauki shebur ya juya shi baibai, ya ɗebi 'yar ƙasa da bayansa ya zuba. Ta faɗi kan katako da wani sauti da har yau ina jin shi. Ya soke shebur cikin tudun ƙasa. Na biyu ya zare, shi ma baibai. Ni ina kallon rana. Haba, da wanga zubi sai gobe. Da na uku ya gama na kai hannu in karɓa, sai tsohon ya kauce mini ya soke shi a ƙasa.

Baba Mor ya riƙe mini hannu. "Ba a miƙa wa juna. Kada baƙin ciki ya bi hannu. Baibai kuwa, don ya san ba da son ranmu ba ne."

"Baba, rana."

"Na gan ta."

Inna Roza ta zo ta ƙarshe. Ba ta ɗauki shebur ba. Ta durƙusa ta ɗiba da hannu biyu ta zuba, ta sake, ta sake, har wani ya ɗaga ta. Sai da katakon ya ɓace da ƙasar hannunsu, sannan Baba Mor ya dube mu ya ce, "To, 'yan Sudan. Yanzu ku yi irin naku."

Munka yi. Kafin su gama jera kansu mun cike, mun tada tudu, mun daddaɓe. Mutum goma sunka tsaya sunka yi addu'arsu, ana faɗa ana amsawa, kuma cikin amsar na ji "amin" sak irin tamu. Rabin rana na saman itatuwa. A bakin ƙofa kowa ya wanke hannu da buta, ba a gogewa, ba a miƙa butar. Baƙin sunka ruga tasha, tsofaffi na gudu riƙe da huluna, munka ji bas ya yi ƙaho ya tashi da su.

Ba wanda ya ce mana an gode. Hamza ya lura, ya yi mita a hanya. Baba Mor ya ji shi, ya ce wanga aiki shi suke kira alheri na gaskiya, don wanda anka yi wa ba zai taɓa ramawa ba, ko godiya ba zai iya ba. In wani ya gode maka a madadinsa ya rage maka.

A gida Inna Roza ta zauna kan 'yar kujera guntuwa, ba takalmi. Mai wankin nan ta kawo dafaffen ƙwai da gurasa, don abincin farko ba ya fitowa daga tukunyar mai makoki. Ni na shigo da shirina na gida, na ɗaga hannu zan fara jero gaisuwar ta'aziyya kamar yadda ake yi a ƙauyenmu. Baba Mor ya ja mini riga. A wurinsu ba ka magana sai mai makoki ta fara, in ba ta fara ba ka zauna ka tashi haka nan. Ba ka san abin da ke zuciyarta ba, don me za ka cika mata kunne da naka?

Na zauna a ƙasa. Ni Sa'adu, da ko cikin barci ake cewa ina surutu. Ɗakin ya yi tsit, hasken taga na raguwa, ƙwan na gabanta ba ta taɓa ba. Hannuna na zafi na ɓoye shi cikin hammata.

Can ta ɗago. Ba Baba Mor ta duba ba, ni ta duba.

"Kai ka shiga ciki," ta ce. "Can ƙasa. Da sanyi?"

Ban yi mata ƙarya ba, ba na ma bukata. Na ce, "A'a, Inna. Sama ce ta daskare. Can ƙasa da ɗumi, har tururi take yi. Ni ba balto na yi aikin."

Ta dubi Hamza. Ya ce, "Gaskiya ne, Inna. Kuma busasshiya ce, ba ruwa."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ɗauki ƙwan ta fasa a gefen kujera, ta ɓare, ta ci. Tun Laraba ba ta sa komai a baki ba.